Inda Ciyawa Ba Ta da Mai Ci

A Libreville ana biyan mutum kuɗi ya yanke ciyawa, sannan a sake biyan wani ya kwashe ta ya kai juji. A Maradi ko Daura ciyawar da kanta kuɗi ce. Yaro zai fita daji da lauje, ya ɗauro dami a kan jaki ko a bayan keke, ya kasa a bakin kasuwa, masu kiwon tumaki su zo su yi ta ciniki. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu, ya zo nan ya ga ana loda ɗanyar ciyawa kore shar a baro za a zubar, sai ransa ya sosu. Daga nan bambancin da nake son magana a kai ya samo asali, wato yadda mu da mutanen Gabon muke ɗaukar kwalbar maganin ciyawa. Kwalbar iri ɗaya ce, sau da yawa ma a ƙasar Sin aka haɗa ruwan da ke cikinta. Amma a garin da ciyawa ta fi ƙarfin mutane, yanke ta suka fi yi. A ƙasar da ciyawa ke da tsada kuwa, mu ne muka rungumi kashe ta.

Sai an san ruwan saman garin nan kafin a fahimci ciyawarsa. Libreville na samun sama da milimita 2,800 na ruwa a shekara. Na Kano a matsakaici bai kai rabin haka ba, na Maradi wajen 500 ne. Lokutan ma a juye suke. Daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da manomin Kano ke duƙe a gona, nan rani ake yi: sama a rufe da gajimare, iska da ɗan sanyi, amma babu ruwa. Daga Oktoba zuwa Mayu kuwa zuba ake yi, sai ɗan sassauci a wajen Disamba da Janairu. Ranin nasu ma ba irin namu ba ne. Babu hunturun da zai busar da komai, babu bazarar da za ta toya abin da ya rage. Ciyawa a nan ba ta mutuwa, hutawa kawai take yi.

Garin yana bakin wurin da kogin Komo ke shiga teku, kuma tuddai ne da kwaruruka. Plaine Orety, unguwar da nake zaune, tana cikin kwari, ba nisa da Jami'ar Omar Bongo. Gidajen bulo da na katako ne a cuɗe, da lunguna da kwatoci, kuma duk ruwan da ya sauka a tuddan da ke kewaye, nan yake gangarowa. Tsakanin gidajen akwai kangwaye da filaye: wanda ya aza harsashi kuɗi suka ƙare, filin gado da 'yan uwa ke shari'a a kansa, bayan katangar makaranta, gefen kwata. Irin wannan wuri, in aka ɗauke ido daga kansa 'yan makonni cikin damina, sai ka tarar ciyawa ta kai ƙirjin mutum, masu yaɗo sun haye bulo sun rufe taga. Mutane suna tsoronta saboda maciji, ga shi ƙasar ce ma aka sa wa wata irin kasa mai faɗin kai sunanta a littattafan ilimi. Suna tsoronta saboda sauro da ke laɓewa a ciki da rana, da ɓeraye, da 'yan ƙwace da ke samun maɓoya da dare. Tun 2010 gwamnati ta ware rana guda a wata don aikin gayyar tsaftace unguwanni, yanzu Asabar ɗin farkon wata ce. Tana kama da tsaftar muhallin da ake yi a Kano a Asabar ɗin ƙarshen wata, sai dai mu leda da shara muke fama da su, su kuwa rabin aikin saran ciyawa ne.

Makamansu biyu ne, adda da injin yankan ciyawa na ratayawa a kafaɗa, mai shan fetur, mai igiyar roba ko wuƙa a baki. Sana'a ce sosai. Za ka ga saurayi da takalmin roba da tabarau, ya ɗaure fuska da tsumma, injin a kafaɗa, galan ɗin fetur a hannu, yana bin lunguna. Da yawansu baƙi ne irinmu, daga Kamaru da Mali da Burkina Faso da Togo. A yi ciniki gwargwadon faɗin fili, ya yanke, bayan wata guda ko ƙasa da haka ya dawo. Aski ne, ba a gama shi.

Ba wai babu maganin feshi ba ne. Yana nan a shagunan kayan gona da na kayan gini, ana kuma fesa shi a tsakanin duwatsun daɓen tsakar gida, da gindin shinge, da wuraren da injin ba ya shiga. A manyan gonakin kwakwar manja na Kango da Mouila da na roba a Bitam maganar daban ce, domin irin waɗannan gonaki a ko'ina cikin duniya ba sa rabuwa da feshi. Amma a cikin unguwa, mai gida ya fi kiran mai inji. Dattijuwar da nake haya a gidanta, da na kawo mata shawarar a fesa bayan gida a huta da biyan kuɗi kowane wata, ba ta yi mini dogon bayani ba. Ta zagaya da ni ta nuna mini wata katanga da aka fesa gindinta: jar ƙasa tsirara, ruwa ya ƙwaƙule ta har harsashi ya fito. Ta ce, "Ɗana, saiwar nan da kake son kashewa ita ke riƙe da gidan."

Gaskiya ta faɗa. Inda ake zuba ruwa kusan milimita dubu uku a kan gangare, ƙasa tsirara ba ta zama. Ruwa ya kwashe ta ya cika kwata, kwata ta toshe, ambaliya ta shiga ɗakunan mutanen kwari. A watan Oktoban 2022 ƙasa ta zaftare a unguwar PK8 ta kashe mutum bakwai 'yan gida ɗaya. Ba feshi ne ya jawo ba, amma duk ɗan garin nan ya san abin da tudu da ruwa ke iya yi, kuma ya san adda da inji suna barin saiwa a ƙasa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ke cikin yadda maganin ke aiki. Gilifoset, wanda kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup, ba ƙona ganye yake yi ba. Ta ganye yake shiga, ya bi jikin tsiro ya gangara har saiwa, ya toshe hanyar da tsiron ke haɗa wasu sinadaran gina jikinsa, hanyar da mutum da dabba ba su da ita. Shi ya sa sai an yi mako guda ko biyu kafin ciyawa ta yi rawaya ta bushe. Yana bukatar ganye mai rai da zai sha shi, yana kuma bukatar 'yan awoyi, kamar huɗu zuwa shida, ba tare da an yi ruwa ba. Samun wannan a Libreville cikin Nuwamba sai an taki sa'a. Ka fesa da hantsi, hadari ya taso da azahar, kuɗinka sun bi kwata. In ma ya kama, da zarar ya taɓa ƙasa maƙalewa yake yi da ita, ba ya hana irin da ke kwance tsirowa. Ka kashe wadda ke tsaye, ka buɗe wa 'ya'yanta rana, ga ruwa ga ɗumi. Kafin wata ya zagayo wurin ya sake yin kore, kuma waɗanda ke riga fitowa a ƙasa tsirara su ne mafiya taurin kai.

Sarkin masu taurin kai a nan wani tsiro ne mai ƙamshi-ƙamshi idan an murza ganyensa, wanda duk wanda ya zauna a kudancin Najeriya ya san shi, can suna kiransa Awolowo ko Akintola. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Ya shigo Najeriya a 1937 ta Enugu, a cakuɗe da irin itacen malaina da aka kawo daga Siri Lanka, daga nan ya mamaye ƙasashen kurmi har Kongo. 'Ya'yansa na tashi a iska, in an sare shi kututturen ya sake toho, yana kuma yin duhuwa ya danne duk abin da ke ƙarƙashinsa. Bai iya zama a busasshiyar ƙasarmu ba, wannan kam mun gode Allah. Amma tofa tamu ce da su. A kanta ne nake ganin maganin feshi ya ci sunansa. Tofa tana yaɗuwa ta saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ka sare ta ta fito, ka sa mata wuta ta fito da ƙarfi fiye da da, ka daddatsa saiwar da fartanya kowane guntu ya zama sabon tsiro. Haka kiri-kiri yake. Aya-aya ta fi su wayo, domin 'ya'yanta na cikin ƙasa a jere, wasu a farke wasu suna barci, magani ya kashe na farke ya bar sauran. A kan irin waɗannan, maganin da ke gangarawa saiwa ya fi ƙarfe aiki, muddin an bar ganyen ya fito sosai kafin a fesa, an kuma maimaita. Duk da haka ba shi kaɗai ne mafita ba. Tofa ba ta jure inuwa. A kudancin Jamhuriyar Benin, tun ƙarshen shekarun 1980, manoma sun ƙwato gonakin da tofa ta cinye ta hanyar shuka wata irin karara marar ƙaiƙayi, ta yaɗu ta rufe ƙasa ta hana tofar ganin rana.

Abin da ya rage a lissafin shi ne bakin da zai ci ciyawar. Gabon kurmi ce, kashi 88 cikin 100 na ƙasar daji ne, kuma ƙudan tsando bai bar kiwo ya yi ƙarfi ba. Ban da filayen kudu wajen Tchibanga inda ake kiwon gajerun shanu masu jure sammore, ba ka ganin garke. Naman da ake ci a Libreville yawancinsa daskararre ne daga jirgin ruwa. Za ka yi tafiya mai nisa a cikin gari ba ka ga akuya tana kiwo a bakin hanya ba. Lokaci guda ne na ga ciyawar garin ta yi daraja, wato kwanakin da ke gabanin babbar salla, sa'ad da ake shigo da raguna ta Kamaru, dillalai kuma da yawansu Hausawa ne, ko na gida ko na Oyem da Bitam da kakanninsu suka zauna a arewacin ƙasar tun fiye da shekara ɗari. A kwanakin nan za ka ga yara da buhuna suna bin kangwaye. Na ji wani dattijo mai raguna yana tambayar yaron da ya kawo masa ciyawa, kafin ma ya tambayi kuɗi: "Kai yaro, wurin da ka yanko, ba a yi feshi ba ko?" Yaron ya ce, "A'a Baba, ɗanya ce." Da salla ta wuce, ciyawa ta koma shara.

To, a juya a dubi gida. Abin da Bature ke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya ya ce a kashe, manomin Katsina ya san kowanne da sunansa da amfaninsa. Harkiya da burburwa da gude-gude da gadagi na dabbobi ne. Kyasuwa ana yanka ta a shanya a ajiye wa rani. Gamba ta zana ce, shuci na baibayar ɗaki. Ƙarangiya ma, duk da tsiyarta a ƙafar wando, dabba na cin ta tun tana ɗanya. Sannan ga na tukunya: tafasa, yaɗiya, lalo, gasaya, karkashi, waɗanda ba wanda ya shuka su, mata da yara ke tsinkowa a gefen gona da bakin hanya. A watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa gero kuma bai nuna ba, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ba marmari ba ne a gidaje da yawa, shi ne abincin rana. A yunwar 2005 a jihar Maradi, ganyen daji ya riƙe mutane ba kaɗan ba. Ko ciyawar da aka nome a noman fari da maimai ba ta tafiya a banza; a kaɗe ƙasar saiwarta, a ɗaure, a kai wa awaki da yamma. Takin awakin kuma ya dawo gona a mangala.

Duk da haka feshi ya ci ƙasar Hausa cikin shekara ashirin da 'yan kai, kuma ba zan zauna a nan in ce wauta ce ta sa ba. Lissafi ne. Damina gajeriya ce, ciyawa kuma a makonnin farko bayan shuka take yin ɓarnarta. In noman fari ya makara, an yi asarar da taki ba zai mayar ba, kuma kowa a lokaci ɗaya yake neman hannu. Gayya ta ja baya. Gandu ya watse. Samarin da za su riƙe fartanya suna Kano da Abuja da Legas, ko a kan babur, ko a ramin zinariya, ko kuma a Libreville suna sayar da kaya a kasuwar Mont-Bouët. Kuɗin ƙwadago ya hau. Ana cikin haka, a shekarar 2000 haƙƙin mallakar gilifoset ya ƙare a Amurka, masana'antun Sin suka shiga yin sa, farashi ya faɗi. Yau babu kasuwar ƙauyen da ba za ka ga teburin kwalabe ba, kuma sabuwar sana'a ta fito, ta yaro mai famfon feshi a baya, ana biyansa gwargwadon famfon da ya juye. Aikin da zai ci mutane da yawa kwanaki, shi kaɗai ya gama kafin azahar. A yankunan Katsina da Zamfara da Sakkwato inda tsayawa a gona tun safe har yamma ya zama kasada saboda 'yan bindiga, wa zai ga laifin wanda ya zaɓi ya fesa ya koma gida da wuri? Bazawara ko tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, da wannan kwalbar suke iya noma abin da za su ci.

Sai dai famfo bai san sunan kowa ba. Bai san tafasa ba, bai san harkiya ba. Da gona kaɗai ake fesawa da sauƙi, amma hannu ya saba: a fesa gefen gona, a fesa bakin hanya, a fesa burtali, a fesa filin makaranta da maƙabarta da kangon cikin gari. Matar da ke tsinkar ganye ko dai ta tarar babu, ko kuma, wanda ya fi muni, ta tarar da shi kore, domin gilifoset ba ya nuna alama a kwanakin farko. Makiyayi ya bi hanyar da ya saba ya tarar an ƙone ta, sai dabbobin su karkata inda ke da kore, wato gonar wani, kuma mun san inda irin wannan ke kai mu. Talakan da ke jiran ƙwadagon noman fari ya sayi tiyar hatsi, an daina kiransa.

Akwai kuma canjin da ba a lura da shi sai an daɗe. Gonar Bahaushe ta asali haɗaka ce: gero da dawa, wake a tsakani, gyaɗa a wani gefen, yakuwa da kuɓewa a kan iyaka, galibi na matan gida. Atarazin, maganin da ake fesawa bayan shuka don hana ciyawa fitowa, masara da dawa ne ke jure shi. Wake da gyaɗa da kuɓewa ba sa jurewa, kuma yana daɗewa a ƙasa. Wanda ya saba da shi, a hankali sai ya bar haɗaka ya koma shuka abu ɗaya. In wake ya fita daga gona, harawa ta fita, kuma harawa ce ke kai rago salla. Babban abokin gabar hatsinmu kuwa, ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, bai damu da wannan feshin ba. A ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar dawa da gero da masara yana tsotsa, kafin jan furensa ya fito ya gama ɓarna, kuma tsiro ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya masu iya kwanciya fiye da shekara goma. Abin da ke rage shi taki ne, da juya shuka da waken soya ko gyaɗa ko auduga, da irin da ke jure shi kamar waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, da tuge shi da hannu kafin ya yi 'ya'ya. Kusan duka abubuwan da feshi ke koya wa manomi ya bari.

Wani bambancin kuma na tsoro ne. Mai gida ɗan boko a Libreville labaran Faransa yake kallo, don haka sunan gilifoset kaɗai ya isa ya sa shi ɗaure fuska. Ya ji cewa a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar. Ya ji labarin Dewayne Johnson, mai kula da filayen makaranta a Kalifoniya, wanda kotu ta ba shi gaskiya a 2018, da dubban ƙararrakin da suka biyo baya a kan kamfanin Bayer na Jamus da ya sayi Monsanto. Ya san Faransa ta hana hukumomi fesa irin waɗannan magunguna a lambunan shaƙatawa da hanyoyi tun 2017, ta kuma hana sayar wa masu lambun gida tun 2019. Muhawarar ba ta ƙare ba, domin wasu hukumomin sun duba sun ce ba su ga hujjar hana shi ba, kuma Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara goma a 2023. Amma tsoron ya riga ya zauna.

Mu kuwa ba ma tsoron wanda ya kamata a ji tsoro. Farakwat, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fitar a 1962 da sunan Gramoxone, shi ne ɗan gaban goshin manomanmu, saboda yana nuna aiki nan take: ka fesa da safe, kafin gobe ganye ya ƙone. Ganyen kaɗai yake ƙonawa, saiwar tofa da kiri-kiri na nan lafiya lau. Ga mutum kuwa guba ce marar makari. Kurɓi ɗaya na iya kisa, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, likita na kallo. Tarayyar Turai ta hana shi a 2007. Ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun hana shi a 2011. Sin da ke yin sa ta hana amfani da shi a cikin gidanta. Hukumar NAFDAC ta sa farkon 2024 a matsayin lokacin da haramcinsa zai fara aiki a Najeriya. Tsakanin 2011 da wannan lokaci, abin da aka hana a Maradi halal ne a Jibiya, kuma wanda ya san iyakar nan ya san takarda ba ta tsare ta. Ga yadda ake aikin: yaro da singileti da silifa, ya auna da murfin kwalba ko gwangwanin tumatir, ya gauraya da sanda ko da hannu, famfon na yoyo a gadon bayansa, in bakin ya toshe ya sa baki ya hura. In ya gama, a ba shi madara wai ta wanke guba. Kwalbar kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Mai injin yankan ciyawa a Plaine Orety ya fi shi rufe jiki, alhali shi tsakuwa kawai yake gudu.

Wuri guda ne na ga mu da su mun yi daidai, shi ne lambu. Gabon na shigo da mafi yawan abincinta, kayan miya da yawa daga Kamaru suke zuwa, don haka tun 1992 aka kafa cibiyar IGAD don tallafa wa masu lambu a kewayen birane, kuma akwai filayenta a wurare irin su Owendo. Ka shiga irin waɗannan lambuna, ko ƙananan da ke maƙale a kwaruruka cikin gari, za ka ga abin da ka sani a fadamun Kano da Zariya: fangali a jere, latas da alayyafo da yakuwa da albasa mai lawashi, mutum a tsugune yana cire ciyawa da yatsu. A kan fangalin latas babu wurin feshin ciyawa, iska kaɗan ta kaɗa shi an yi asara. Maganin ƙwari ne matsalar lambu, a nan da can, wannan kuwa magana ce ta wata rana. Su ma mutanen Gabon suna da ganyen da ba shukawa suke yi ba, kamar nkumu da ake yankawa siri-siri a yi miya, amma daga kurmi ake kawo shi, ba daga bakin hanya ba. Mai feshi a cikin gari bai taɓa tukunyar kowa ba.

Da za a tambaye ni abin da ya kamata ya tsallaka daga nan zuwa gida, injin nan na kafaɗa zan ce. Filin makaranta a Funtuwa, kangon unguwa a Kano, harabar asibiti, maƙabarta, gefen titi, duk wuraren da yanzu ake ƙonawa da magani a watan Agusta, da yanka su aka yi da an samu fili mai tsafta, an kuma samu buhunan ciyawa da masu kiwon cikin gari za su saya hannu bibbiyu. A Libreville mai inji kuɗi ɗaya yake karɓa. A Katsina da biyu zai karɓa, na yanka da na sayarwa. Kwalbar kuma a bar ta wa tofa da kiri-kiri da aya-aya, da gonar da babu hannun nome ta.

Na san abin da zai hana. Injin na da tsada, yana son gyara, kuma fetur yake sha. Gabon ƙasar mai ce mai mutane wajen miliyan biyu da rabi, gwamnati kuma ta daɗe tana riƙe farashin fetur a gidan mai. A Najeriya an cire tallafi tun ranar 29 ga Mayun 2023, kuma kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa. Yaron da zai ci bashi ya sayi inji, ya zuba masa mai kowace safiya, yana gasa ne da wani yaron da jarinsa famfon roba ne da kwalba ɗaya da ruwan rijiya. Shugaban makarantar da ke son a share masa fili kafin ɗalibai su dawo hutu, na biyun zai kira.